Wane jirgin ruwa zan ɗora Mma a kai?

Maman Hafsa, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar wanda ya taɓa shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Wanda ya shiga da ƙafarsa nake nufi, don gani a waya kam ni ma na gani har idona ya gaji.

Mma tamu shekararta 68. Mahaifinta fataucin goro ya yi, ya saya a nan ƙasar Asante, ya kai Sekondi, ya ɗora wa jirgin ruwa zuwa Ikko. Tun muna yara take ba mu labarin yadda yake cewa in jirgi ya nausa, ba ka ganin komai sai ruwa da sama. Ta je Makka sau biyu, amma duk ta sama. Ranan muna shan koko da ƙosai da safe ta ce, kamar da wasa, ita dai kafin ta koma ga Allah tana so ta ga abin da babanta ya gani. Ban tanka ba, amma maganar ta zauna mini a rai.

Atamfa da mayafai nake sayarwa a kasuwar Kejetia. Kwasar adashinmu tawa ce a watan goma, yayana da ke Bronx ta Amurka kuma ya ce zai cika abin da ya rage. Mu uku ne: ni, da Mma, da 'yata Hafsa mai shekara 14. Hafsa ta nace sai wani ƙaton jirgi wai shi Icon of the Seas, kullum tana nuna mini shi a TikTok. Yaya ya ce mu zo Mayami mu hau daga can. Wani ejan kuma a Adum ya turo mini farashin kwana bakwai daga Barsalona, kuɗin ya yi mini araha har na tsorata.

Ga halin tsohuwar. Gwiwarta ta hagu ba ta son tafiya mai nisa, tana shan maganin hawan jini, ba ta cin naman da ba ta san yankansa ba, kuma in ta ga kwalbar giya a tebur tashi take yi. Wane kamfani ne zai yi da irinmu? Babban jirgi ya fi ko matsakaici? Kuma ta ina ake farawa ma?

Ɗan Asawase

Anti, kafin ki zuba daloli, ki ɗauki Mma ranar Asabar ku tafi Akosombo ku shiga jirgin ruwan nan Dodi Princess. Ku zaga tafkin Volta, ku ci kifi, ku dawo. In ta sauko tana murmushi, sai a yi maganar teku. In ta sauko tana riƙe da bango tana salati, kin tsira da kuɗin adashinki, sai ki saya mata rago ki ba ni ƙafa ɗaya ladan shawara.

Na san tafki ba teku ba ne, kada wani ya taso mini. Amma ni da na yi amai a motar Kumasi zuwa Ankara, babban birninmu, kafin mu kai Nkawkaw, na san abin da nake faɗa.

Alhaji na Tema

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yi miki albarka, ya sa naki su yi miki fiye da haka.

Aikina fito da kaya ne a tashar Tema, shekara ashirin da ɗoriya. Jirgin kwantena na san shi ciki da bai, amma na shaƙatawa sau uku na shiga ni da Hajiya: daga Barsalona, daga Dubai, daga Durban. Abin da na gani zan gaya miki.

Ki karɓe wayar Hafsa tukuna, ki ɗauko fasfo ɗinku guda uku ki aza a kan tabarma. Daga nan ake fara zaɓe, ba daga hoton jirgi ba. Babu kamfanin da yake kwasar fasinja daga Ghana a kai a kai. Jefi-jefi wani jirgin yakan tsaya Tema ko Takoradi wuni guda, Turawa su sauka, na Takoradi a kai su Elmina ko Cape Coast, kafin magariba sun koma ciki sun wuce. Ke nan ko ina kika zaɓa sai kin hau jirgin sama kin je kin same shi, kuma sai ƙasar ta yarda ku shiga. Ba ƙasar da zai tashi kaɗai ba, har duk gaɓar da zai yada zango. Tun a bakin ƙofa suke duba takardu. In biza ɗaya ta gaza, ba za ku hau ba, kuɗin kuma sun tafi. Ko kin rantse ba za ki sauka a garin ba, ba lalle su saurare ki ba.

To mu auna. Mayami bizar Amurka ce, dala 185 kowane kai, ku uku 555, kuma in suka hana ba a mayar da ko kwabo. Sai kun zo Ankara, tamu ba ta Turkiyya ba, kun tsaya gaban bature a ofishin jakadancinsu da ke Cantonments ya yi muku tambayoyi. Barsalona bizar Shengen ce, wato ta haɗakar ƙasashen Turai, yuro 90 ga babba, da tarin takardun banki. Akwai kuma tarko a ciki: wasu jiragen Bahar Rum suna biyawa ta Tunisiya, wadda ba ta cikin Shengen, saboda haka mai bizar shiga sau ɗaya ya fita ke nan, ba dawowa.

Yanzu dubi kudu. Tun ranar 1 ga Nuwamba 2023 mai fasfon Ghana yana shiga Afirka ta Kudu ba biza, har kwana 90 a shekara. A cikin 2023 ɗin Mozambik ma ta sa Ghana cikin ƙasashen da ta ɗauke wa biza. Kamfanin MSC kuwa kowace shekara yana turo jirgi Durban, daga wajen watan Nuwamba zuwa Afrilu, yana kai mutane gaɓar Mozambik, tsibirin Portuguese Island ko Pomene, kwana uku ko huɗu ko biyar. Jirgin da suke turowa yana canzawa, Orchestra da Splendida da Musica duk sun yi zamaninsu a can. Daga Ankara zuwa Johannesbag wajen awa shida ne a sama, daga nan awa guda zuwa Durban. Abin da ba za ki manta ba shi ne katin allurar shawara, na kowa, da fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida. Dokar biza kuma kamar farashin tumatir take, ki sake tambaya daf da biyan kuɗi. Akwai doguwar tafiya daga Durban zuwa Morishus, amma ki karanta jerin zangon da kyau, don wasu suna tsayawa Riyuniyon, tsibirin kuwa na Faransa ne, da tasa bizar.

Batun kamfani, kowanne da irin mutanensa, kamar gidajen biki. Royal Caribbean, masu jirgin Hafsa, na iyali ne da yara, sulu na ruwa da wasanni ba iyaka. Carnival araha da hayaniya. Cunard na dattawan Ingila ne, jirginsu Queen Mary 2 yana kwana bakwai tsakanin Southampton da New York, da dare sai an ci ado kafin a shiga ɗakin cin abinci. Viking da Virgin Voyages ki cire su a lissafi, ba sa ɗaukar wanda bai kai 18 ba. Disney babu gidan caca a jiragensu, amma tsada kamar me. MSC da Costa asalinsu Italiya, sun fi sauƙin kuɗi, sai dai ki shirya jin sanarwa ɗaya da harsuna huɗu ko biyar.

Shi kuma Icon ɗin nan, da ya fara aiki a Janairun 2024, in ya cika yana ɗaukar fasinja 7,600, bene 20, tsawonsa mita 365. Ki jera filin ƙwallon Baba Yara sau uku, da saura. Ki ƙaddara ɗakinku yana wannan ƙarshen, abinci yana wancan, sau uku a wuni, da gwiwar Mma. Hafsa za ta ji daɗi, ba musu. Amma tafiyar nan ta wa ce?

Farashin ejan ɗinki kuwa, araha ba ta ado. Kusan kullum abin da suke nunawa kuɗin mutum ɗaya ne, a ɗakin mutum biyu, ɗakin ciki marar taga. Babu tikitin jirgin sama a ciki. Babu otal, alhali dole ku isa garin kwana guda kafin ranar tashi, don jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirginsa na sama ya makara. Sannan akwai kuɗin hidima da suke ɗora wa kowane kai kowace rana, a kamfanonin Amurka tsakanin dala 16 zuwa 20. Ki ɗauki 18, ku uku, kwana bakwai: dala 378 ke nan ba ki sha ko lemo ba. Lemon kwalba da kuɗinsa, intanet da kuɗinsa, yawon da suke kai mutane in an sauka da kuɗinsa. Ki ce ya rubuto miki jimla har da harajin tasha. In kin biya kafin alƙalami, ya ba ki lambar rajistarku, ki sa Hafsa ta shiga shafin kamfanin ta ga sunayenku da idonta. In ya fara kame-kame, ki kama gabanki.

Bari in ba ki labarin wautata. Tafiyarmu ta farko na zaɓi ɗaki can bene na sama, a goshin jirgi, wai in riga kowa ganin gari. Daren da muka bar Barsalona muka nufi Marseille iska ta taso, wurin nan ya yi suna da ita. Ƙanwata, kofin shayi da kansa ya yi tattaki daga wannan bakin tebur zuwa wancan. Ni da nake taƙama da shekara ashirin a bakin ruwa, na kwana rungume da bokitin shara, Hajiya tana yi mini fifita tana dariya ƙasa-ƙasa. Har yau in muka yi saɓani sai ta ce, "Alhaji, a kawo bokiti?"

Bawa, Sabon Zango, Ankara

Hajiya barka da ƙoƙari. Alhaji, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, amma akwai inda zan ɗan ja da kai.

Ni shekara shida na yi ina gyaran ɗakuna a cikin irin waɗannan jiragen, ɗaki goma sha wani abu a wuyana kullum. Gajeriyar tafiyar Durban da ta haɗa da Juma'a da Asabar, musamman cikin Disamba da makarantu suke hutu, ba ta tsohuwa ba ce. Matasa ne suke cika ta, kiɗa a bakin wurin wanka tun hantsi, kofi a hannun kowa. Haka gajerun tafiye-tafiye suke ko'ina a duniya, ba laifin wani kamfani ba ne. Ki nemi ta kwana huɗu ko biyar da ta faɗa tsakiyar mako, a Nuwamba ko bayan yara sun koma makaranta. Sai dai daga Janairu zuwa Maris lokacin guguwa ne a wannan ɓangaren na Tekun Indiya, kyaftin yana iya fasa zango in ruwa ya ɓaci. Ni da uwata ce, Nuwamba zan kai ta.

Na biyu, a Portuguese Island jirgi ba ya matsowa gaɓa. Can nesa yake tsayawa, a riƙa ɗibar mutane a ƙananan jiragen roba masu inji, a sauke su a bakin yashi, ƙafa cikin ruwa. Kada ki matsa wa Mma. Ranar ma ta fi kowace daɗi a ciki, kowa ya fita, wuri ya yi tsit.

Ɗaki: tsakiyar jirgi, bene na ƙasa-ƙasa, kusa da lifta. Nan ne ba ya rawa sosai. Ki duba taswirar jirgin, ki tabbatar sama da ku ɗakuna ne, ƙasa da ku ɗakuna ne. In kika kwana ƙarƙashin wurin wanka, tun kafin asuba abokan aikina za su fara jan kujeru a kanki. In ƙarƙashinki gidan rawa ne, sai ƙarfe biyu na dare za ki runtsa. Tunda ruwa Mma take son gani, ki rage kwana ki ƙara kuɗi ki kama mai baranda. Ta zauna da carbinta da shayinta, ba giya ba kiɗa, ita da teku. Gado na uku ko kujera ce ake buɗewa ko daga rufi ake sauko da shi, na Hafsa ne wannan. Ɗakunan masu uku ba su da yawa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki tafi da buta ta roba, babu abin tsarki a banɗakin. Ki gaya wa Mma tun a gida cewa masan jirgi da iska yake zuƙa, yana ƙara kamar an harba bindiga, na sha ganin tsofaffi sun fito a guje. Dutsen guga da abin dafa ruwa na lantarki ƙwacewa ake yi a ƙofa, saboda gobara. Maganinta ya zauna a jakar hannu, don akwatuna sai yamma suke isowa ɗaki. Akwai likita a ciki amma da dala yake gani, ki yi mata inshorar tafiya wadda ta san da hawan jininta. MoMo, kuɗin waya, ba ya aiki a can, katin banki ko tsabar dala za ki ajiye musu. Da jirgi ya bar gaɓa ku kashe datar waya, layin teku yana cinye kuɗi kamar fara. Kafin a tashi za a kira kowa a nuna masa inda zai tsaya in wani abu ya faru da yadda ake sa rigar ceto. Dole ne, tun bayan hatsarin Costa Concordia a 2012 da mutum 32 suka rasu aka tsananta. Ki riƙe hannun Mma ku je.

Roƙona ɗaya. Kuɗin hidimar da Alhaji ya lissafa, akwai masu zuwa daren ƙarshe su ce a cire. Don Allah kada ki yi. Yaron da yake kawo miki tawul wata bakwai ko takwas yake yi bai ga 'ya'yansa ba.

Malama Ummu Sadik, Tafo

Maman Hafsa, sannu da hidima. Babu wanda ya taɓo abin da zai fi damun Mma.

Alƙibla a jirgin ruwa ba ta zama wuri ɗaya. Inda kika fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar, wani lokacin ma kina cikin salla jirgin zai karkata. Malamanmu na Malikiyya sun ce mai salla a jirgin ruwa ya fuskanci alƙibla, in jirgin ya juya shi ma ya juya in zai yiwu, ya yi a tsaye in zai iya, in jiri ya hana ya zauna. Kasaru kuna da ita. Talabijin ɗin ɗaki yana nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, da shi da manhajar waya za ku gane. Lokutan salla ma ki bi rana da inda kuke, kada ki bi agogon Kumasi. Ki je wajen malamin unguwarku da Mma, ta ji daga bakinsa, hankalinta zai fi kwanciya. Ki kuma duba kalanda, 'yan shekarun nan azumi cikin kakar Durban yake faɗowa.

Maganar giya da nama, akwai kamfanin Saudiyya, AROYA, da ya fara aiki daga Jidda a Disamban 2024. Babu giya a jirgin, babu caca, abinci halal ne, da wuraren salla, yana ɗaukar sama da mutum 3,000. Ya yi zagayen Bahar Maliya ta Masar da Jodan, da bazara kuma ya koma Istanbul. Ban shiga ba, wata ɗalibata da ke aure a Jidda ce ta shiga da surukarta. In an haɗa shi da Umra, ni a ganina babu na biyunsa ga tsohuwa irin Mma. Amma fa maganar Alhaji tana nan, kowace ƙasa da bizarta, sai kin zauna da mai hidimar Umra ya warware miki.

In Durban ɗin ne, ki sa a rubuta wa kamfanin tun wajen biyan kuɗi cewa ku Musulmi ne, su ba ki amsa a rubuce kan naman. In ba ki gamsu ba, kifi da ƙwai da shinkafa da ganye ba sa yankewa a wurin ɗebi-da-kanka. Ki ƙulla mata yaji da ɗan gari. Durban kuma gari ne mai Musulmi da yawa, abincin halal ba wuya, ku yi salla a babban masallacin Grey Street kafin ku hau.

Maman Hafsa, Aboabo, Kumasi

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri. Alhaji, na gode, a gaishe da Hajiya, a ce mata labarin bokiti ya iso Aboabo, Mma ta yi dariya har da hawaye. Malam Bawa, na rubuta buta a saman takarda, kuma ba zan cire kuɗin kowa ba in sha Allahu. Malama, ranar Alhamis za mu je wajen liman.

Na ɗauko fasfo kamar yadda aka ce, ashe na Mma saura wata huɗu ya mutu. Gobe zan fara da wannan. Na tura wa ejan tambayar jimla tun azahar, ya karanta, har yanzu shiru. Hafsa tana fushi an ƙi jirginta, Yaya kuma ya ce shi Mayami ya sani, sai na kira shi da daddare mun daidaita.

Na karanta wa Mma maganar Jidda da ta Durban, na ce ta zaɓa. Ta yi shiru, can ta ce a wanne ne ƙasa take ɓacewa gaba ɗaya? Na ce duka biyun. Ta ce to a kama mata mai barandar. Ɗan Asawase, ta ce a gaya maka Akosombo za a je, kai za ka biya kuɗin mota, ƙafar rago kuma sai Babbar Salla.